Daga Kanwar Borno zuwa Ɗakin Gwaji na Khartum: Tarihin Ilmin Tantance Sinadarai



A cikin darussan kimiyya da 'ya'yanmu suke karantawa a makarantun sanawi domin jarrabawar Shahadar Sudan akwai babin da ake kira tahlilul kaifi, wato binciken gano ko mene ne abu. Ana ba ɗalibi farin gari wanda ba a rubuta sunansa ba, a ce ya faɗi abin da ke cikinsa, kuma ya kawo hujja. Iyaye da yawa a cikinmu suna ɗaukar wannan karatun Nasara ne wanda bai haɗa hanya da mu ba, sai dai a haddace shi domin a ci jarrabawa. Nufina a nan in bi tarihin wannan ilmi ta hanyar wani abu da ba a rasa shi a madafin kowace Bahaushiya, wato kanwa, wadda 'yan uwanmu Sudaniyawa suke kira atrun. Idan mai karatu ya bi ni zuwa ƙarshe zai ga cewa kakanninmu da malamanmu suna da hannu a farkon al'amarin, kuma lafiyar gidajenmu tana rataye da ƙarshensa.

Ilmin fatake

Bahaushe ya daɗe da kanwa har ta shiga cikin maganarsa. Mai haɗa husuma shi ne kanwa uwar gami, jarumin da ba a taɓa shi a kwana lafiya ba kanwar lasa ba ne, abubuwan da ba su da bambanci kuwa duk kanwar ja ce. To amma falken da yake sayen kanwa da dukiyarsa bai taɓa yarda cewa duk kanwar ja ce ba. A kasuwar Kurmi ta Kano an san jar kanwa, an san farar kanwa, an san ungurnu, an san gwangwarasa, kowace da kuɗinta da aikinta. Yawancinsu daga ƙasashen daular Borno suke fitowa: tafkunan Manga da Muniyo waɗanda suke ƙafewa da rani su bar ɓawon gishiri a bisa ƙasa, da gabashin tafkin Cadi inda ake haƙo ungurnu, Buduma su tsallako da ita cikin jiragensu zuwa gaɓar Borno. Gishirin Bilma, kantu da beza, shi kuma ayarin Abzinawa ne yake kawo shi ta cikin Sahara.

Falke yana bambanta waɗannan da ido da harshe da hannu. Yana duba launi, ya auna nauyi a tafinsa, ya ɗanɗana ya ji ko ɗaci ya fi yawa ko gishiri, ya jefa a ruwa ya ga yadda take narkewa. Da wannan ya san wadda za a ba dabbobi su lasa, da wadda za a haɗa da taba, da wadda majema suke nema, da wadda ta dace da kunun mai jego. Matan gida su ma sun san cewa ɗan gutsuren kanwa yana sa wake ya nuna da wuri, yana ƙara wa kuɓewa da karkashi yauƙi, yana kashe tsamin yakuwa. Waɗannan duka gwaje-gwaje ne, an gada su daga hannu zuwa hannu ba tare da takarda ba.

Da kakanninmu suka biyo hanyar hajji suka iso Sudan, sun tarar da irin wannan fatauci a nan. Akwai Bir Atrun a saharar arewacin Darfur, kan tsohuwar hanyar Darbul Arba'in wadda take haɗa Darfur da Asyut ta Masar, kuma daga can raƙuma suke ɗauko atrun. Har yau da shi ake haɗa tumbak, kamar yadda ake haɗa tabar gari da kanwa a ƙasar Hausa.

Malaman Musulunci da tsarin sinadarai

Abin da falke ya sani a aikace, malaman kimiyya na duniyar Musulunci sun tsara shi a rubuce. Fitacce a cikinsu shi ne Abubakar Ar-Razi, likitan Rayy da Bagadaza, wanda ya rasu a wajen shekarar 925 Miladiyya. A littattafansa na sirrin sinadarai ya raba abubuwa bisa asalinsu, na ƙasa da na tsiro da na dabba. Na ƙasa kuma ya kasa su gida shida: ruhohi, wato masu tashi idan an ɗora su a wuta, jikkuna, wato ƙarafa irin su zinariya da azurfa da tagulla da dalma, duwatsu, zaji, buraƙ, da gishiruwa. Natrun yana cikin gidan buraƙ. Ya kuma bayyana kayan aiki da hanyoyin narkarwa da tacewa da turarawa da ƙonawa, ta yadda wani zai iya maimaita abin da ya yi ya ga ko zai sami abin da ya samu.

Ruhohin nan huɗu ne a wurinsa: zaiba, da kibiritu, da zarnik, da nushadir. Wannan na ƙarshe ya cancanci mu tsaya a kansa, domin masana harshe suna mayar da asalin kalmarmu ta sinadari ga nushadir. Maƙeran farfaru suna amfani da shi wajen liƙa ƙarfe da ƙarfe, daga nan kalmar ta faɗaɗa ta zama sunan duk abin da ake haɗawa a sami wani abu, har aka wayi gari da ita muke kiran wannan fanni baki ɗaya.

Bayan Ar-Razi sai Al-Biruni, wanda ya rayu a ƙarni na 11. Shi ya ƙware a auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja gwargwadon ruwan da suke turewa idan an nutsar da su, kuma alƙaluman da ya samu suna kusa ƙwarai da na yau. Da irin wannan awo ake gane zinariyar da aka yi wa algus, ko da launinta ya ruɗi ido. A nan ne ilmi ya fara ƙetare iyakar gani da ɗanɗano ya koma ga ma'auni.

Yadda kanwa ta shiga jadawalin sinadarai

Ɗalibin da ya buɗe jadawalin sinadarai zai ga an rubuta wa sodiyam Na, an rubuta wa potasiyam K, alhali sunayen ba da waɗannan haruffa suka fara ba. Dalili yana cikin tarihi. Masarawan dauri suna haƙar wannan gishiri a kwarin da ake kira Wadin Natrun a yau, suna busar da gawarwakin sarakunansu da shi. Sunan ya bi ta Girkanci da Larabci ya zama natrun, Turawa suka ɗauka suka gina kalmar natriyum, daga ita aka ciro Na. Harafin K kuwa daga kaliyum yake, ita kuma daga alƙali ta Larabci, wato tokar tsirrai da ake tacewa a yi sabulu. Ke nan atrun na kasuwa da ruwan tokar da iyayenmu mata suke tacewa daga karan gero, su ne suke zaune a waɗannan gidaje biyu na jadawali.

An daɗe ana ruɗa su biyun, domin duka farare ne, duka suna da santsi a hannu, duka suna kashe tsami. Sai a 1736 wani Bafaranshe mai suna Duhamel du Monceau ya nuna cewa asalinsu daban ne. Bayan shekara ashirin da 'yan kai Marggraf na Jamus ya lura cewa kowannensu yana ba harshen wuta launinsa. A 1807 Humphry Davy na Ingila ya yi amfani da lantarki ya fitar da ƙarafan biyu tsurarsu. A wajen 1860 kuma Bunsen da Kirchhoff a Heidelberg suka ƙera na'urar da take rarraba hasken wutar, suka gano cewa kowane sinadari yana da layukan haske nasa waɗanda ba ya tarayya da kowa a cikinsu, har suka gano sababbin sinadarai biyu ta wannan hanya.

Wannan bincike ya gyara wani kuskure da har yanzu ake yi. Masu Turanci a Najeriya suna kiran kanwa da sunan da yake nufin gishirin potasiyam, alhali abin da ya rinjaya a cikinta sodiyam ne: kabonet da baikabonet na sodiyam, gauraye da gishirin ci da salfet da ƙasa. Yawan kowanne shi yake bambanta ungurnu da gwangwarasa. Harshen falke ya daɗe da jin wannan bambanci, ɗakin gwaji kuma ya zo ya ba shi suna da adadi.

Khartum a shekarar 1903

Shekarar 1903 tana da nauyi a tarihinmu. A cikinta Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, a cikinta aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nilu Shuɗi kusa da Sinnar. A wannan shekarar ce kuma ɗakunan bincike na Wellcome suka fara aiki a cikin ginin Kwalejin Gordon a Khartum, kwalejin da aka buɗe a 1902, wadda ta zama Jami'ar Khartum a 1956. Henry Wellcome, attajirin magunguna, shi ya ba da kayan aikin bayan ya ziyarci Sudan, aka naɗa likita Andrew Balfour shugaba. A 1904 aka kawo masanin sinadarai William Beam, mutumin Amurka, ya riƙe sashen kimiyya.

Bai kamata mu ɓoye cewa gwamnatin mulkin mallaka ce take cin gajiyar wannan aiki ba. Bukatarta ita ce ta san abin da ƙasar take da shi wanda za a iya fitarwa a sayar, ta kuma kare lafiyar sojojinta da ma'aikatanta. Saboda haka Beam ya duƙufa a kan binciken ruwan Nilu Fari da Nilu Shuɗi, da ƙasar noma, da hatsi, da ƙaro, wato samug na hashab da na ɗalha wanda Sudan ta yi fice da shi a kasuwar duniya. A 1907 aka ƙara musu ɗakin gwaji a kan jirgin ruwa domin su riƙa bin kogi zuwa kudu. A 1908 gobara ta cinye kaya da takardu masu yawa, aka sake ginawa aka ci gaba.

Daga wannan ɗaki ne wani gwaji ya fita ya zagaya duniya. A rahoton da suka buga a 1911 Beam ya bayyana hanyar gane hashish, wato tabar wiwi da ake kira bango a nan: a tatso man ganyen, a busar, a ɗiga masa ruwan potas mai ƙarfi da aka narkar a cikin sibirtu, idan launin shunayya ya bayyana to ita ce. An yi shekaru masu yawa ɗakunan binciken 'yan sanda da kotuna a ƙasashe daban-daban suna aiki da shi, ana kiransa gwajin Beam. Daga baya masana suka gano cewa sinadarin da yake ba da launin ba shi ne mai sa maye ba, wani ne da yake tare da shi a cikin ganyen, sai aka koma ga hanyoyin da suka fi shi tabbas. Wannan ma darasi ne: a wannan fanni gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an ƙarfafa shi da wani, kamar yadda alƙali ba ya wadatuwa da shaida guda a babbar shari'a.

Abin da ɗalibi yake yi a yau

Tsarin da ake koya wa 'ya'yanmu ya tattara duk wannan tarihi. Ɗalibi yana farawa da inda falke ya fara, ya duba launi da siffa ya ga ko abin yana narkewa a ruwa. Sai dai an hana shi ɗanɗanawa, domin a cikin fararen garuruwa akwai masu kisa. Daga nan sai gwajin wuta: sodiyam yana mayar da harshen wuta rawaya, potasiyam shunayya mai haske, kalsiyam ja irin na jan bulo, tagulla kuma tsanwa. Duk matar da miya ta taɓa zubo mata a kan murhun gas ta ga wutar ta koma rawaya, ta riga ta ga gwajin sodiyam.

Sai gwajin tsami. Idan aka matsa lemon tsami a kan kanwa za ta yi kumfa tana tafasa, idan aka matsa shi a kan gishirin ci ba abin da zai faru. Iskar da take fita ita ce kabon dayoksaid, kuma idan aka bi da ita ta cikin tataccen ruwan farar ƙasa sai ya yi fari kamar an ɗiga madara, wannan ita ce shaidar kabonet. Gishirin ci kuma ana gane kuloraid ɗinsa da ruwan naitiret na azurfa, wanda yake saukar da farin gari a gindin kwalba. Salfet kuwa ana gane shi da ruwan bariyam. Ko takardar da ake tsomawa a gane tsami da kishiyarsa tana da 'yar uwa a gidajenmu. Jiƙon karkade, soɓorodonmu, yana ƙara ja idan an sa masa lemon tsami, yana rikiɗa ya yi duhu mai tsanwa-tsanwa idan an sa masa kanwa. Bayan an san mene ne abu sai a nemi sanin nawa ne, wannan shi ne babin tahlilul hajmi.

Inda ido da harshe suka gaza

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma akwai wurare uku a rayuwarmu inda wannan magana ta zama batun rai da mutuwa.

Na farko tozali. Ismid da aka ambata a littattafan hadisi da na likitancin Musulunci, masana sinadarai suna fassara shi da dutsen antimoni. Amma akwai wani dutse mai kama da shi a duhu da ƙyalli, wanda tamar dalma ne, kuma shi ne ya fi yawa a cikin tozalin da fatake suke kawowa daga ƙasashen Binuwai. Ido ba ya raba su bayan an niƙa, ɗakin gwaji kuwa yana raba su cikin sauƙi, domin dalma tana saukar da gari rawaya idan ta haɗu da ruwan ayodaid. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma mai yawa a jininsa, aka bi sawu aka tarar tozalin da aka kawo masa daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an lura ba. A Zamfara a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da take cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma gwajin jini da na ƙasa ne ya bayyana musabbabin. Wanda yake son raya sunnar tozali shi ya fi kowa bukatar a tantance masa abin da yake sa wa jaririnsa a ido.

Na biyu sabga, baƙin sinadarin da ake gaurayawa da lalle domin ya yi baƙi da sauri. Wannan rini ne na masana'anta, bai haɗa komai da ganyen lalle ba. Likitocin asibitocin Khartum sun rubuta a kansa tun shekarun 1980: idan ya shiga ciki yana kumbura wuya da maƙogwaro har numfashi ya toshe, yana kashe ƙoda, kuma yara ƙanana suna cikin waɗanda ya halaka. Ajiye shi inda hannun yaro zai kai ganganci ne.

Na uku kanwar kanta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Sodiyam mai yawa yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma gargaɗin bai faɗi ba. Wanda likita ya hana wa gishiri saboda hawan jini ya sani cewa kanwa da atrun suna cikin abin da aka hana shi, domin sodiyam ɗin ɗaya ne.

Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantu, ya tarwatsa malamai da ɗalibai, ya jinkirta jarrabawar Shahada. Ko babban ɗakin gwaji na ƙasa, wanda aka fi sani da Istak, mayaƙa sun shige shi tun a makonnin farko, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai. Ƙasa za ta bukaci masu gwada ruwan sha da magani da abinci fiye da kowane lokaci, kuma babu abin da ya hana 'ya'yan Mayo, maza da mata, su kasance cikinsu.

Saboda haka ina kira ga iyaye da malaman khalwa da na makarantu da su ƙarfafa wa yara gwiwa a kan wannan darasi. Kafin a gyara ɗakunan gwaji, ana iya nuna wa yaro matakan farko a tsakar gida da kanwa da gishiri da lemon tsami da karkade, a sa shi ya rubuta abin da ya zuba da abin da ya gani, ya maimaita ya ga ko zai sake samun haka. Abubuwa masu guba irin su sabga da tozalin da ba a san asalinsa ba kuwa, a bar wa masana gwajinsu. Dattawan da suka yi fataucin kanwa ko jima ko rini, su ma a zauna da su a rubuta sunayen da suka sani da alamomin da suke dubawa, tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya ba zuriyarmu ilmi mai amfani.